Zan Je In Dawo

Gidan Yaya Kinu shi ne na ƙarshe a Kurumidani, daga shi sai dutse. Ni awara nake yi, kuma tun ina amarya nake kai mata tata kowace safiya, don haka babu abin da ya shiga ƙofar nan ko ya fita wanda idona bai gani ba. Sunanta Kinuyo Takizawa. Kaɗan ta girme ni, tare muka yi tsallen igiya, shi ya sa har muka yi furfura Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Yae, ko "ke mai bakin nan" in na ishe ta.

Mace ce 'yar firit. In ta sa rigar sanyi ta fito, sai ka rantse rigar ce ke tafiya ita kaɗai. Ubanta mai ƙona gawayi ne a cikin daji, ita kuma ta tashi ba ta son surutu, ba ta son gaggawa, ba ta son a bar ƙofa a buɗe. Ta auri Tokuji, wani dogo mai manyan ƙafafu da dariyar da ake ji daga gada. A shekarun da aka kafa kujerun lilo masu hawa da mutane kan dutse, 'yan birni suka fara zuwa zamiya a kan ƙanƙara, sai su biyun suka share ɗakunan bene inda da ake kiwon tsutsar siliki, suka shimfiɗa katifu, gidan ya zama masauki. Ita ke girki. Shi kuma tun da sassafe yake hawa dutse da sandunan gora masu jan ƙyalle a kai, yana kafa su a gefen hanyar zamiya, don kada wani ɗan birni ya zarce cikin kwazazzabo.

Wata safiya a tsakiyar hunturu ya saɓa sandunansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Zan je in dawo."

Tana durƙushe a kan dakalin katako ta ce, "A dawo lafiya."

Ina tsaye a wurin da kwanona. Har ya tsokane ni, ya ce awarata ta jiya da ita ya kafa sanda, ta fi guduma. Kafin rana ta take, gefen dutsen ya zaftare gaba ɗaya ya gangara cikin kwazazzabo. Maza suka yi ta tono har hannuwansu suka fashe. Da lokacin narkewa ya zo, kogi ya cika ya tafi da abin da ya tafi da shi. Hularsa kaɗai aka samu maƙale a reshe.

Kada a ce Yaya Kinu ta taɓu, don na ji masu faɗa, kuma na ba su amsar da ta dace da su. Ta yi masa duk abin da ake yi wa mamaci. Hotonsa na nan a ɗan akwatin da ake tunawa da magabata, kullum da 'yar shinkafarsa da shayinsa. Ta reni 'yarsu Kazue ita kaɗai, ta ci gaba da karɓar baƙi shekara da shekaru. Abu biyu ne kawai suka zauna mata. Na farko, ba mai fita daga gidanta, ko minista ne, sai ya ce zai je ya dawo ta amsa masa. Na biyu, takalman Tokuji na cikin gida, wasu ruwan ƙasa masu faɗi, kullum suna ajiye a kan dakali, hancinsu na kallon ciki, yadda ake jera wa mai shigowa. Tana share ƙarƙashinsu ta mayar da su.

Na taɓa kasa haƙuri na ce, "Yaya, wai tsammani kike zai shigo?"

Ta ce, "Ke ma dai, Yae. Wanda ya mutu ai ya mutu. Amma gaisuwar ƙofa ƙafa huɗu gare ta, kamar teburi. Ya faɗi tasa, na faɗi tawa. Saura ya ce ya dawo, in ce sannu da dawowa. To in ya zo da tasa, ko a cikin iska ne, ya tarar ba kowa a gida fa?"

Ban sake tambaya ba. Na je gida na yi kukana a kan tukunyar waken suya, wanda ba kasafai nake yi ba.

Haka aka yi ta tafiya har hunturun da ta faɗo daga tsani tana sauke ƙanƙarar rufi. Ni na same ta kwance a rigingine, ƙugu a karye, ƙanƙara na sauka a fuskarta. Ina ihu ina kiran mutane, ita kuwa cewa take, "Yae, kwanta ki gani. In kina kallonta daga ƙasa, ba ita ke saukowa ba, ke ce kike tashi sama." Na ce mata in ta sake yi mini maganar tashi sama sai na ƙarasa ɗaya ƙugun.

Kazue tana aure a Nagoya, kuma ba muguwar 'ya ba ce, tsoro ne ya kama ta. Ta yanke magana: a rufe masauki, Mama ta ƙara hunturu ɗaya ta yi sallama da mutane, kafin ya ƙare za a zo a ɗauke ta. Yaya Kinu ba ta yi musu ba. Ta dai rage cin abinci, ta rage magana, in na shigo da safe sai in same ta zaune a kan dakali kusa da takalman nan, kamar mai jiran mota. Kowa ya san abin da ke cinta. Ranar da ta fita daga gidan nan, ba sauran mai amsa wa Tokuji.

Ana cikin haka baƙuwar ta zo.

Da yamma ne, muna zaune ƙafafunmu a ƙarƙashin bargon teburin ɗumi muna shan shayi, sai muka ji ana ƙwanƙwasa. Na zuge ƙofa na ga mace tsaye, doguwa har sai da na ɗaga kai, gashi kalar bambaro, ta rungumo wata doguwar jaka kamar makara. Ashe babban masaukin da ta kama ɗaki ne ya rikita mata lissafi, ta yi ta bin gidaje har gidaje suka ƙare, ta ga tsohon allonmu da ba wanda ya tuna ya cire. Ta rusuna mana, irin rusunawar da ake yi wa sarki, ta ɗago ta ƙume kanta da saman ƙofa.

Na ce, "Yaya, ce mata an rufe."

Yaya Kinu ta dubi ƙanƙarar da ke kan kafaɗun matar ta ce, "A wannan lokacin? Matsa ki ba ta hanya."

Baƙuwar dai an gaya mata ana cire takalmi, ta cire. Sai ta duba na cikin gida da ke jere, ta ga duk na 'yan tsana ne in an gwada da ƙafarta, ban da guda. Kafin in buɗe baki ta zura ƙafafunta a takalman Tokuji, suka zauna mata cif, har da murmushinta.

Yaya Kinu ta daɗe tana kallon ƙafafun nan. Daga nan ta sunkuya, ta taɓa idon sawun matar a hankali, ta zare takalman ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da su wurinsu, ta miƙa mata wasu. Matar ta shige ciki dunduniyarta na lilo a waje, ba ta san abin da ta yi ba.

Runa sunanta, daga Norway, ma'aikaciyar jinya ce da ta tara hutunta ta taho ita kaɗai. Tana da waya mai fassara magana, amma wayar ba ta jin harshen ƙauye. Na ce a tambaye ta, su da aka ce ƙanƙara har ta yi musu yawa, me ya sa ta ƙetaro duniya don ta ga tamu? Wayar ta yi tunani ta ce, "Ƙanƙararku fulawa ce, tamu siminti." Na ce to, wayar nan dai ta fi mai ita hankali.

Washegari ina shigowa da awara, Runa ta sauko cikin jar riga, ta ɗaure manyan takalman zamiya, ta saɓa katakon zamiyarta. Ta juyo da fara'arta, ta ɗaga hannu ta ce, "Sayonara!"

Kalmar ban-kwanan nan, ban da 'yan makaranta da ke rera wa malaminsu ita in an tashi, babba ba ya faɗinta sai in ba ya sa ran a sake haɗuwa nan kusa. Baƙi kuwa ita kaɗai suka sani, suna barbaɗa ta ko'ina kamar gishiri. Amma a ƙofar Yaya Kinu, ga mai shirin hawa wancan dutsen!

Ban san tsohuwa mai ɗinkakken ƙugu tana da wannan saurin ba. Ta suri tsintsiya mai dogon mariƙi, ta gicciya ta a ƙofa, ta tsaya a bayanta. Kanta ko ƙirjin Runa bai kai ba.

"A'a. Ba haka ba. Ce: zan je in dawo."

Runa ta dube ni. Na ce, "Kada ki kalle ni, Runa, ni ma tsoronta nake ji."

"Zan je," in ji Yaya Kinu, tana nuna dutse. "In dawo," tana nuna ƙasa a gabanta.

"Zan... ci... in dawa."

"Kai! Wa ya ce ki ci wani abu? Sake."

Ta sake, ta kuma sakewa, harshenta na tuntuɓe, ni ina riƙe da ciki. Sai da maganar ta yi kama da magana sannan tsintsiya ta sauka. Yaya Kinu ta durƙusa a kan dakali, ta haɗa hannuwa a gwiwa, ta ce, "A dawo lafiya." Ta cusa mata curin shinkafa biyu a aljihu. Da yamma kuma aka sake sabon karatu, ba a bar ta ta hau dakali ba sai da ta ce "na dawo" aka ce mata sannu da dawowa.

Daga ranar gidan ya farka. Hayaƙi ya koma fita daga madafa tun da safe. Yaya Kinu ta fasa ƙanƙarar da ke kan gangar ganyen da ta jiƙa da gishiri, ta tsamo da hannu, ta yayyanka, tana kallon fuskar Runa a loma ta farko. Ta koya mata riƙe sandunan cin abinci, ta buge mata hannu ranar da ta soke su a tsaye cikin shinkafa kamar ta mamaci. Ni aka ɗora wa kai ta wankan unguwa, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Na nuna mata a zauna a cuɗa jiki tas kafin a shiga. Ta sa ƙafa ɗaya ta yi ƙara, tsofaffin unguwa suka kwashe da dariya, wata ta ce, "Ku ƙara mata na sanyi, kada ta dahu mu rasa abin gaya wa ƙasarsu." Da ta saba kuwa, ita ce ba ta son fita. Ta kan jingina kai da katako, tururi ya rufe ta, ƙanƙara na shigowa ta tagar sama tana narkewa kafin ta taɓa ruwa. Wata rana na ga hawaye a fuskarta a wurin. Ban tambaya ba, wanka ba wurin tambaya ba ne.

In ta dawo da yamma sai ta zura dogayen ƙafafunta ƙarƙashin bargo, ta hana mu wuri, ta buɗe hotunan da ta ɗauka. Yaya Kinu ba ta sake hawa dutsen ba tun hunturun da ya ɗauke Tokuji, ko kallonsa ba ta cika yi ba. Yanzu ga shi a tafin hannunta. Itatuwa sun yi fari har ƙananan rassa, ba sawun kowa, sama da ƙasa launi ɗaya. Runa ta riƙa kwatanta mana da hannu yadda take nutsewa har ƙugu, yadda ba ta jin ƙarar komai sai numfashinta, yadda wani lokaci ba ta sanin ko tafiya take ko tsaye. Wayar ta fassara mana: "A can sama kamar ina barci ne, amma wani yana riƙe da ni." Yaya Kinu ta sa a maimaita mata wannan.

A wani hoton sai ga sandar gora da jan ƙyalle, ita kaɗai a cikin farin nan. Yaya Kinu ta ɗora yatsa a kai.

"Har yanzu suna kafa su?"

Na ce, "Suna kafawa mana. Sai dai a karkace, yaran yanzu."

Ba ta ɗauke yatsan ba har hasken wayar ya mutu.

Sai ga Kazue ta iso da kwalaye da igiya. Ta ga baƙin takalma a ƙofa, ta tsaya.

"Mama, ba mun ce an rufe ba?"

"An rufe."

"To wannan fa?"

"Wannan ƙanƙara ce ta kawo ta. Je ki yi faɗa da ita."

"Inna Yae, ke ma kina gani kika yi shiru?"

Na ce, "Ni da aka tare da tsintsiya tun kafin a haife ki? Bar ni in mutu da mutuncina."

Kazue tana jin Turanci, don haka ita da Runa suka zauna a madafa suna magana ƙasa-ƙasa. Ban ji ko kalma ba, amma na ga lokacin da aka zo kan takalman, don Runa ta rufe baki da hannu biyu, kunnuwanta suka yi ja. Aka shirya cewa ran da za a tafi da Mama, Runa ta dawo gidana ta ƙarasa hutunta. Washegari da za ta fita, na ga ta tsuguna ta daidaita takalman Tokuji, waɗanda kwali ya ɗan ture. Ta faɗi kalmarta ba tuntuɓe, aka amsa mata, ta tafi.

Safiyar garau take, sama shuɗiya. Bayan cin abincin rana iska ta juya. Mu da muka tsufa a nan muna jin ta a haƙori tun kafin ta iso. Kan a jima dutsen ya ɓace, gidan maƙwabci ya ɓace, har allon bakin hanya. Ƙanƙara ba sauka take ba, yawo take a gicciye. Aka tsayar da kujerun lilo. Na rufe shagona na lallaɓa zuwa gidan Yaya Kinu ina bin bango, na tarar masu zamiya duk sun sauko, ban da mai jar riga.

Kazue na ta kiran masu sintirin dutse a waya, tana kai da kawowa. Yaya Kinu kuwa ta durƙusa a kan dakali, hannuwa a gwiwa, ta fuskanci ƙofa. Na san wannan zaman. Na gan shi sau ɗaya a rayuwata, ranar da dutse ya zaftare, kuma ban so in sake gani ba. Na yafa mata bargo, ta bari ya zame.

"Yaya, tashi ki sha shayi. Matar nan ta girma a cikin ƙanƙara."

"Shi ma."

Na zauna kusa da ita. Hasken da ke shigowa ta gilashin ƙofa ya tashi daga fari ya koma shuɗi-shuɗi. Iska ta riƙa lafawa tana tasowa. Na fara gyangyaɗi saboda sanyi, har na ga kamar muna yara ne ni da ita, muna zaune a wannan wurin muna jiran wani ya dawo daga daji da gawayi.

Sai muka ji bugun ƙafa a waje, irin na mai kakkaɓe ƙanƙara daga manyan takalma. Wata doguwar inuwa ta rufe gilashin. Ƙofa ta zuge a hankali.

Abin da ya tsaya a wurin ba shi da jar riga, ba shi da fuska. Fari ne fat daga kai har ƙafa, ƙanƙara ta daskare a gira da gashi, ya sunkuyar da kai don kada ya bugi saman ƙofa. A hannunsa sandar gora, jan ƙyalle na kaɗawa a kanta. Muryar da ta fito sanyi ya shaƙe ta, ta yi kauri kamar ta namiji.

"Na dawo."

Na ji Kazue ta saki wayar a ƙasa. Yaya Kinu ta ɗaga kai. Fuskarta ta saki, na ga yarinyar da muka yi tsallen igiya da ita.

Ta ce, "Kai ne? Ka daɗe."

Sannan ta rusuna har goshinta ya kusa taɓa katako, ta ce, "Sannu da dawowa." Ta sa hannu biyu ta turo takalman ruwan ƙasan nan gaba, har bakin dakali.

Runa ta share ƙanƙarar idonta, ta dubi takalman, ta dubi Kazue. Kazue na kuka, ta gyaɗa mata kai. Runa ta jingine sandar, ta kwance takalmanta da yatsun da suka ƙage, ta hau dakali ta zura ƙafafunta. Yaya Kinu ta miƙe ta kakkaɓe mata kafaɗu, sai da ta yi ɗage kafin ta kai, ta ce, "Ruwan wanka na nan da zafi."

Daga baya Kazue ta fassara mana abin da ya faru. Farin ya rufe ta a can sama, ta faɗi, katakon zamiyarta ɗaya da sandunan hannunta suka nutse ta rasa su. Ba ta san gabas ba ta san yamma, sai ta ci karo da sandar gora. Daga ita ta lallaɓa ta sami ta gaba, daga ta gaba ta gaba, har ta ga fitilar gidan ƙarshe. Ta ƙarshen ce ta tuge ta dogara da ita. Na ce a gaya mata ba a tuge sandar hanya, wannan rashin tarbiyya ne. Na faɗa ne don in sami abin yi da bakina.

Ko Yaya Kinu ta san Runa ce, ko ba ta sani ba, ban tambaye ta ba har yau. Abin da na sani, da na shigo da safe takalman ba sa kan dakali. Ta naɗe su a ƙyalle ta sa a saman jakarta. Ta ci shinkafa ta ƙara, ta ce awarata ta yi ruwa, ta yi wa Kazue faɗa a kan yadda take ɗaure kwali. Na ji daɗi na ji haushi a lokaci guda, don na gane ta shirya tafiya, kuma ni za a bari.

Ranar tafiya sama ta washe, rufin gidaje na ɗiga. Motar Kazue na jira a ƙasan gangare. An kwashe komai, gidan ya yi faɗi, muryarmu na amsa-kuwwa. Runa na ciki tana ɗaure jakarta don komawa gidana, ni ina tsaye a kan dakali. Yaya Kinu ta sa takalmanta na waje, ta gyara wuyan riga, ta juyo ta fuskanci cikin gidan. Ta dubi matakalar bene, ta dubi ƙofar madafa. Ta rusuna, ta daɗe a haka, ta ce a hankali, "Sayonara."

Ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba. Ta shige ni kamar ruwan sanyi.

Sai na ji gudu a bayana. Runa ta wuce ni da safa a ƙafa, ta dira ƙasa inda ba a takawa sai da takalmi, ta suri tsintsiyar nan da aka bari a lungu, ta gicciya ta a ƙofa. Ta cika ƙofar gaba ɗaya.

"A'a," ta ce. "Ba haka ba."

Yaya Kinu ta ɗaga kai tana kallonta. "Ji mini yarinya. Matsa, mota na jira."

"Ba haka ba. Ce."

"Yae, gaya mata ba dawowa zan yi ba. Ƙarya take so in yi da tsufana?"

Na ce, "Ni ba na jin yarenta, Yaya. Kuma ke kika koya mata."

Kazue ta leƙo daga waje ta ce, "Mama, faɗi mana. Ai ba za ta matsa ba, kin ga girmanta."

Yaya Kinu ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. Ta dubi tsintsiyar, ta dubi Runa, sannan ta juyo ta dube ni.

"Zan je in dawo."

Runa ta sauke tsintsiya. Ni na durƙusa a kan dakalin, a wurin da ita ta saba durƙusawa, gwiwoyina na ƙara. Muka faɗa tare, nawa a miƙe, na Runa a karkace: "A dawo lafiya."

Ta fita ba ta waiwaya ba. Muka tsaya muna kallon rigar sanyin nan tana gangarawa ita kaɗai a cikin farin, tana ƙanƙancewa, har ta shige mota.

Runa ta ƙarasa hutunta a gidana ta koma ƙasarsu, ta faɗi abin da ya kamata a ƙofata kafin ta tafi. Gidan ƙarshe yana rufe, ƙanƙara ta kan kai masa har taga. Yaya Kinu tana Nagoya a hawa na sama, ta ce daga can ba a ganin dutse ko ɗaya, kuma awararsu kamar soso.

Ranar da suka tafi, da na zo rufe gidan, na tarar ta manta takalmanta na cikin gida a kan dakali, 'yan ƙanana masu zanen fure da ya koɗe. Na ɗauke su. Suna bakin ƙofata yanzu, hancinsu na kallon ciki, ina share ƙarƙashinsu in mayar da su. Jikokina suna cewa Kaka ta fara rikicewa. Su yi ta faɗa. Ta faɗi tata, na faɗi tawa, saura biyu.